Yadda ake zaɓen man sarƙar keke da yadda ake sa shi a gari mai ƙura irin Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hawan keke. Wanga bayani na yi shi ne don wanda ya sayi keke sabo ko ɗan Kwatano, ko wanda ya gaji na gida, yana son ya riƙa kula da sarƙa da hannunshi ba sai kullum ya tura wurin mai gyara ba. Na daɗe ina wanga aiki a kekena da na yaran gida da na maƙwabta, kuma abin da na lura dashi shine yawancin sarƙoƙin da ke mutuwa a garin ga yawan mai ne ke kashe su, ko kuma man da bai dace ba. Mu nan ruwan sama wata huɗu ne kawai, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara duk rani ne da iska da yashi, to tsatsa ba ita ce babbar damuwarmu ba, ƙura ce. Duk man da zaka zaɓa ka fara tambayar kanka, wanga zai kama ƙura ko bazai kama ba.

Kayan da zaka tanada

- Tsumma biyu ko uku na auduga, tsohuwar singileti ko yankin atamfa. Mai santsi irin na leda baya shan mai, shafa shi kawai yake ko'ina.
- Tsohon buroshin haƙori, in ka samu biyu ya fi.
- Kananzir kamar rabin kwalba. In babu, man dizal ma yana yi.
- Roba mai faɗin baki da murfi, wadda sarƙa zata shiga a girgiza.
- Sirinji na kemis, ka cire allurar ka yar a inda yara baza su ɗauka ba. Da shi zaka riƙa ɗiga mai in man naka ba mai tsinin baki bane.
- Filaya, da sifana mai lamba 15 don notin tayar baya.
- Tef na awo irin na kafinta mai inci. Na tela yana miƙewa in ya tsufa, sai dai in babu wani.
- Kwali ko tsohon buhu na shimfiɗawa a ƙasa.
- Sai man, wanda zamu zo kanshi a mataki na 3.

Abu ɗaya ya kamata ka sani game da sarƙa kafin mu fara. Kowace gaɓa tana da 'yar ƙusa a tsakiya, da ɗan zobe mai juyawa a kanta, da ƙarafuna na gefe masu riƙe su. Gugar da ke cinye sarƙa a ciki take faruwa, tsakanin ƙusar da abin da ke juyawa a kanta, can inda ido baya gani. To can ake son mai ya kai. Wanda ya tsaya a waje yana ƙyalli babu aikin da yake sai tara yashi, kuma in yashi ya haɗu da mai ya zama baƙin kwaɓi, aikin dutsen wasa wuƙa yake yi wa ƙarfen, duk juyin feda ɗaya yana ɗan rage shi.

1. Fara duba ko sarƙar tana da sauran rai

Kar ka ɓata mai da lokaci a kan sarƙar da ta riga ta gama. Tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, ko mai giya ko marar giya. Ka ɗan danna feda da hannu sarƙar ta miƙe, ka ɗora bakin tef a tsakiyar wata ƙusa ka duba inci 12. In sarƙar lafiya lau take, wata ƙusa zata faɗo daidai kan layin 12. In ƙusar ta wuce layin da kamar milimita ɗaya da rabi, a keke mai giya lokacin canji ya yi. In ta wuce da milimita 3, to akwai alamar haƙoran firiwil, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya, su ma sun cinye, in ka sa sabuwar sarƙa a kansu zata riƙa tsalle duk sanda ka danna feda da ƙarfi, sai dai ka canza su tare. Keke marar giya yana da haƙuri fiye da haka, amma shi ma in ya kai milimita 3 ka fara shirin saye.

In baka da tef, ka kama sarƙar a gaban babban farantin feda ka ja ta waje da yatsa biyu. In ta ɗago har kana ganin haƙori gaba ɗaya a ƙarƙashinta, ta miƙe.

2. Duba kekenka, hanyarka, da lokacin da ake ciki

Ba kowa ne zai yi amfani da mai iri ɗaya ba. Dattijon da ke da Phoenix ko Raleigh mai gidan sarƙa a rufe ruf, sarƙarshi tana ɓoye daga iska, zai iya sa mai mai ɗan kauri ya daɗe bai waiwaye ta ba. Shi ya sa nake roƙon masu irin waɗanga kekuna kar su cire gidan sarƙar su yar don yana ƙara, a gyara shi a ɗaure noti, a ƙasarmu wanga murfi ya fi kowane mai tsada amfani. Amma ɗalibin da ke hawan keke mai giya yana bin hanyar jami'a ta gadar Kwalkwalawa kullum safe da yamma, sarƙarshi a buɗe take kusa da ƙasa, tayar gaba tana watso mata yashi, shi mai marar kauri ya kamace shi. Haka wanda ke bin hanyar Kalambaina inda manyan motoci ke tada ƙura, ko mai ɗauko albasa da kayan miya daga fadama zuwa kasuwa da kaya niƙi-niƙi a kariya, wanga kuma ga nauyi ga yashi ga taɓo in ya ratsa lambu, shi zai fi kowa yawan wanki.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da hazo, ƙurar tana da laushi tana shiga ko'ina. Maris zuwa Mayu bazara, zafi ya wuce digiri 40, mai yana tsinkewa ya gangaro ya kuma bushe da wuri. Damina kuma ruwa yana wanke mai marar kauri tas a tafiya ɗaya, wanda ya taɓa ratsa unguwar Mabera bayan an sha ruwa a watan Agusta ya san abin da nake nufi. A taƙaice kana buƙatar mai biyu a shekara, na rani da na damina.

3. Zaɓen man

Nan ne asalin maganar, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai man da aka yi musamman don sarƙar keke, yana zuwa a 'yar roba mai tsinin baki, irin su Finish Line da Muc-Off da Squirt. Ba ko'ina ake samu ba, sau da yawa sai an yi oda ta intanet ko a ba wani saƙo daga Kano ko Abuja. In ka samu ka duba jikin robar, zaka ga an rubuta Dry ko Wet. Mai Dry ruwa-ruwa yake in ka ɗiga shi, ya shige ciki, sannan ruwan ya tashi ya bar wani siririn santsi a busasshe wanda ƙura bata manne mishi sosai. Wanga shine na ƙasarmu tun daga kaka har ƙarshen bazara, in kana da hali shi nake ba ka shawara. Laifinshi baya daɗewa, kuma ruwa ɗaya ya wanke shi. Mai Wet kuma yana da kauri da danƙo, ruwa baya cire shi da sauƙi, an yi shi don ƙasashe masu ruwa da taɓo. Da damina yana da kyau, amma in ka sa shi cikin hunturu, kwana biyu sarƙar ta koma baƙa ƙirin. Mutane da yawa suna sayen Wet don sun ji an ce ya fi daɗewa, awo ya fi daɗewa, amma tare da yashi yake daɗewar.

To yawancinmu ba wanga muke samu ba, bari mu zo ga na kusa.

Man keken ɗinki. Kowane tela yana dashi, ana sayarwa a kasuwa wurin masu zare da allura. Fari ne, marar kauri, yana shiga cikin gaɓa da sauri kuma baya tara ƙura sosai in ka goge da kyau. Ga keken zuwa makaranta ko masallaci ko kasuwa cikin gari lokacin rani ya isa. Sai dai yana ƙarewa da wuri, musamman cikin zafin bazara, kuma ga mai ɗaukar kaya masu nauyi ya yi rauni.

Baƙin mai na inji, sabo. Ina nufin wanda ya rage a galan bayan an yi wa mota ko babur sabis, wanda bai taɓa shiga inji ba, ko mai lamba 40 ko 20W-50. Wanga shine abin da na fi amfani dashi, yana riƙe nauyi yana kare tsatsa, kuma cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi sarƙa har ya rage. Da damina a sa shi yadda yake. Da rani kuwa ya ɗan yi kauri, sai in tsinka shi da kananzir, rabi da rabi, in girgiza a 'yar kwalba, kananzir ɗin shi ke ja shi zuwa ciki sannan ya bushe a hankali ya bar man. Amma in ka yi wanga haɗi dole ka bar keken ya kwana kafin ka hau.

Jan man giyar mota otomatik shi ma yana yi sosai, bai kai baƙin mai kauri ba, in kana da maƙwabci bakanike ka roƙi kaɗan. Man giya mai lamba 90 kuwa mai kauri ne da wari, sai ga keke mai rufaffen gidan sarƙa ko tsakiyar damina.

Man feshi na sarƙar babur, wanda wasu 'yan kabu-kabu ke amfani dashi. An yi shi da danƙo don kar ya fantsale in babur na gudu, keke kuma baya wanga gudu, danƙon sai ya zame maka abin tara ƙura. In shi kaɗai ke hannunka, ka fesa kaɗan a cikin murfi ka ɗiba da sirinji, kar ka fesa kai tsaye.

Yanzu ga waɗanda nake roƙonka dan Allah ka bari.

Kondem, wato baƙin man da aka juye daga inji. Na san kyauta ne, kuma shi ake gani cikin gwangwani a rumfuna da yawa ana shafawa da buroshi, amma wanga mai ya riga ya kwashi garin ƙarfe da baƙin hayaƙi daga cikin inji, kana zuba wa sarƙa abin da zai ci ta da hannunka. Ga ɓata ƙafar wando da riga, kuma yawan taɓa shi da fata ma ba alheri bane ga lafiya.

Man gyaɗa, manja, man shanu, man kaɗe, duk wani man ci ko na shafawa. Ranar farko zaka ji keke ya yi shiru ka ce ka dace, amma waɗanga iska da zafi suna sa su daskare su zama ƙaro, gaɓoɓi su ƙage, kuma wanke su sai an sha wuya.

Giris. Wurinshi cikin boris ne, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa abu juyawa, na tsakiyar taya da gindin feda da wuyan keke. A sarƙa baya iya shiga ciki don kauri, a waje yake zama ya zama gidan yashi. Zaka ga sarƙa ta yi dumu-dumu da giris amma cikinta a bushe.

Man birki na mota kar ma ka kusanta, ba man santsi bane kuma yana cin fenti.

WD-40, man feshin nan na gwangwani da aka saba gani, yana da amfani wurin sassauta sarƙar da ta yi tsatsa ko korar ruwa bayan wanki, amma mafi yawanshi tashi yake, abin da ya rage ba zai riƙe ka tafiya mai nisa ba. Ka ɗauke shi a matsayin abin wanki, bayan shi ka sa mai na gaske. Kamfanin suna da wani daban da suka yi don keke, shi an rubuta a jiki.

In sabuwar sarƙa ce ka sayo, tana zuwa da maiƙon kamfani a cikinta kuma mai kyau ne, kar ka jiƙa ta cikin kananzir ka wanke shi. Ka ɗan ɗiga kananzir a tsumma ka goge danƙon waje kawai, ka hau har sai ta fara neman mai.

4. Wanke sarƙa

Kuskuren da ya fi yawa shine zuba sabon mai a kan tsohon datti, sabon man shi ke ɗaukar yashin waje ya kai shi ciki. Ka kama sarƙar da yatsu ka ɗan murɗa ta gefe da gefe kusa da kunne, in ka ji ƙaras-ƙaras to yashi ne a ciki, sai wanki.

Hanya mafi kyau a cire ta. Ka juya feda a hankali kana neman gaɓar haɗi, a keke marar giya zaka ganta da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a gefe, ka tura shi da filaya ya fita, ka kula don yana tsalle ya ɓace cikin ƙasa, shi ya sa na ce a shimfiɗa kwali. A masu giya da yawa akwai gaɓa mai rami dogo, ita matse ta ake yi ta buɗe. Kafin ka zare sarƙar keke mai giya ka ɗauki hoton yadda ta bi ta 'yan tayoyin nan biyu na baya da wayarka, zai taimake ka wurin mayarwa. Ka jefa sarƙar cikin roba, ka zuba kananzir ya rufe ta, ka rufe ka girgiza sosai na minti biyu ko uku, ka bari ta jiƙa kaɗan, ka sake girgizawa. Ka juye, ka zuba sabo, ka maimaita har kananzir ya daina fitowa baƙi, yawanci zubi biyu ko uku.

In sarƙarka bata da gaɓar haɗi kuma baka da abin fitar da ƙusa, kar ka sa guduma da ƙusa ka ce zaka buge ta, a sarƙar giya ɓata gaɓa zaka yi kuma nan zata tsinke maka a hanya. Ka wanke ta a jikin keken. Ka haɗa buroshi biyu baki da baki ka ɗaure da roba, ka tsoma a kananzir, ka sa sarƙar tsakaninsu kana juya feda baya, ka bi da tsumma, ka maimaita har tsumman ya daina baƙi sosai. Ka jingine keken ya karkata ɓangaren sarƙa don abin da ke ɗiga ya sauka ƙasa ba kan taya ba.

Sannan ka bi haƙoran faranti da na firiwil da buroshi, tsakanin haƙoran giya ka zura gefen tsumma kana ja, 'yan tayoyin baya kuma ka kankare dattin da ya daskare musu da tsinke. Wankakkiyar sarƙa in ta hau haƙora masu datti aikin banza ka yi. Ka kula kar kananzir ya kwarara cikin tsakiyar taya ko gindin feda, yana narkar da giris ɗin boris.

Kar ka yi wanki da fetur. Na san yana cire datti da sauri, amma tururinshi yana bin ƙasa ya kai ga murhu ko gawayin mai shayi daga nesa, ballantana cikin zafin bazara a tsakar gida da mata na girki. In babu kananzir babu dizal, ruwan ɗumi da omo da buroshi suna yi, sai dai ka ɗauraye sosai ka busar nan take. Kuma kar ka kai keke wurin wankin mota a harba mishi ruwan inji ta wurin sarƙa da taya, ruwan yana kutsawa cikin boris.

Kananzir ɗin da ya yi baƙi kar ka zubar a kwata. Ka bar shi a roba kwana biyu datti ya kwanta, ka tsiyaye na sama don wani wanki. Amma dan girman Allah kar a aje shi a robar ruwa ko ta lemo inda ƙananan yara zasu kai hannu, yaro mai ƙishirwa baya tambaya, kuma shan kananzir yana taɓa huhu. A rubuta a jiki, a ɗora sama.

5. Busarwa

Ka goge ta da busasshen tsumma ka rataye a rana. Wanga dai Allah Ya hore mana, awa ɗaya ta isa. In mai ya tarar da ragowar kananzir na wanki ko ruwa a ciki bazai zauna ba.

6. Mayar da ita da sa mai

In ka zo mayar da ɗan ƙarfen nan mai baki biyu, rufaffen kanshi ya kalli inda sarƙa ke tafiya in ana tuƙi, buɗaɗɗen bakin yana baya. In gaɓar tana layin sama, rufaffen kan ya kalli tayar gaba kenan. In ka juya shi, wani abu zai iya taɓa bakin ya fizge shi sarƙa ta watse. A keke marar giya ka duba ɗaurin, a tsakiya sarƙar ta iya motsi sama da ƙasa kamar rabin inci, in ta yi ɗaurin ganga tana cin kanta da boris, in ta yi sako-sako tana faɗuwa. Da sifana 15 zaka sassauta tayar baya ka daidaita.

Yanzu ka jingine keken ko ka kife shi a kan kwali. Ka fara daga gaɓar haɗi don ka san inda ka tsaya, in babu ka yi alama da alli. A layin ƙasa na sarƙar, ta gefen ciki wanda ke taɓa haƙora, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ka juya feda baya kaɗan, ka ci gaba. Gaɓoɓin sun ɗan haura ɗari, minti biyar ka gama. Ɗigo ɗaya nace, ba kwararawa ba. Dalilin sawa ta ciki shine in sarƙa na juyawa man yana bi ta cikin gaɓar ne kafin ya fito waje, in ka sa ta waje tun farko ya fantsale bai yi aikin komai ba. Haƙoran faranti da na firiwil ba'a zuba musu mai, abin da sarƙa ta shafa musu ya isa.

In kekenka irin mai birkin feda ne wanda baya juyawa baya, sai ka ɗaga tayar baya ka juya gaba a hankali, ka kula da yatsunka kusa da haƙora. Kar a bar yaro ya riƙa juya feda hannunka na kan sarƙa.

In ka gama zagaye, ka juya feda kamar sau ashirin ko talatin mai ya ratsa, mai giya ya bi giyoyin duka.

7. Jira, sannan ka goge

Wanga mataki shi mutane ke tsallakewa kuma a ƙasarmu shi ya fi kowane muhimmanci. Baƙin mai ko man keken ɗinki ka ba shi kamar kwata na awa. Mai Dry ko haɗin kananzir sai ya kwana, shi ya sa na fi son a yi aikin bayan la'asar ko da dare a hau da safe. Sannan ka kama sarƙar da tsumma mai tsafta kana juya feda baya, ka canza gefen tsumman ka sake, ka yi ta yi har sarƙar ta zama kamar ba'a sa mata komai ba a ido, in ka shafa yatsa ka ga ɗan maiƙo kaɗan kawai. Kar ka ji tsoron ka goge duka, tsumma baya kaiwa inda man ke aiki. Bayan hawan farko wani zai sake tsattsafowa daga ciki, ka ƙara gogewa.

8. Duba birki kafin ka fita titi

Ka duba gefen rim da robar birki ko mai ya taɓa su. In ya taɓa ka wanke da omo ka busar. Keke mai birkin faifai ya fi hatsari, ɗigo ɗaya a faifan ya isa birki ya riƙa kuka baya kamawa, a goge faifan da sipirit na kemis da tsumma sabo, in kuma takalmin birkin ya sha mai sosai sai canji. Ka gwada birki a ƙofar gida kafin ka shiga cikin motoci.

9. Yaushe za'a sake

Kunne zai gaya maka. In ka fara jin tsiw-tsiw, ko zobban sun yi fari suna walƙiya a bushe, lokaci ya yi. Mai hawa kullum cikin rani zai iya ƙarawa sati-sati ko bayan kwana goma, ya goge da tsumma sosai kafin ya ɗiga, babban wanki kuma kamar wata-wata ko duk sanda ya ji ƙaras-ƙaras. Cikin hazo ka aje tsumma ƙarƙashin sirdi, in ka dawo gida ka kama sarƙa ka juya feda sau goma a bushe, wanga ɗabi'a kaɗai tana ƙara mata kwana sosai. Da damina duk ranar da ruwa ya dake ka ko ka ratsa kududdufi, ka goge ta bushe a ranar ka ɗiga mai, in ta kwana a jiƙe da safe zaka ga ja-ja.

Ga mai son ya gwada kyandir

Wagga hanya tana da ɗan aiki amma babu wadda ta kai ta dacewa da ƙura, don sarƙar a bushe take, ko da farar shadda ka goga bazata yi baƙi ba. Sharaɗinta sarƙa ta rabu da mai gaba ɗaya, bayan kananzir ka wanke da omo da ruwan zafi, ka ɗauraye da sipirit, ka busar ƙayau, in akwai sauran maiƙo kyandir bazai kama ba. Ka samu farin kyandir marar ƙamshi marar launi, ka kakkarya cikin gwangwani mai faɗi, ka sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, kar ka ɗora shi kan wuta kai tsaye don narkakken kyandir yana kamawa da wuta, kuma kar ruwa ya fantsama ciki. In ya narke ka tsame lagwanin, ka saƙala sarƙar a waya ka nutsar, kana motsa ta minti goma zuwa sha biyar har kumfa ta daina tasowa. Ka ɗago ka rataye ta huce, zata sandare, ka lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya-ɗaya da hannu su saki sannan ka mayar. Tafiyar farko zata ɗan yi tauri, garin kyandir yana zuba, daga nan sai ta yi laushi.

A busasshiyar hanya tana kai ka kilomita 200 zuwa 300 kafin ta fara ƙara. In ta fara, ba sai ka koma kananzir ba, ka zuba mata tafasasshen ruwa tsohon kyandir ya tafi da ƙurar, ka busar sosai ka sake nutsarwa a gwangwanin nan. Kar ka ɗiga mai a kan kyandir, in ka yi haka ka koma farkon wanki. Kuma bata son ruwa, in damina ta kankama ka koma baƙin mai, sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba ka wanke ta tas ka dawo kyandir.